Ɓarɓashin nano da ƙudan 'ya'yan itace: abin da gwaje-gwaje suka nuna

Duk wanda ya taɓa barin ɓawon mangwaro ko na ayaba ya kwana a kwano ya san su: 'yan ƙananan ƙudaje masu jajayen idanu, da tsawonsu bai wuce milimita 3 ba. Da Faransanci ana ce musu drosophile ko mouche du vinaigre, masana kuma suna kiransu Drosophila melanogaster. Asalinsu nan Afirka ne, kudu da Sahara, daga baya suka bi ɗan Adam zuwa sauran duniya. Yau da su ake auna haɗarin wasu sabbin kayayyakin masana'antu da ake kira ɓarɓashin nano.

A raba su da ƙudan da ke lalata mangwaro a lambunan bakin Binuwai. Wancan ya fi girma, danginsa daban, kuma yana huda ɗanyen mangwaro ya saka ƙwai a ciki. Mafi ɓarna a cikinsu, Bactrocera dorsalis, daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Kenya a 2003. Namu na wannan bayani ruɓaɓɓen abu kawai yake bi.

Mene ne ɓarɓashin nano?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ana kiran abu ɓarɓashin nano idan girmansa yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100, alhali kaurin gashin kai guda yana kaiwa wajen nanomita 80,000. Irin wannan ɓarɓashi yana nan tun fil azal a cikin hayaƙin itace da ƙura. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na ƙira, wanda masana'antu ke yi da gangan daga azurfa, zinariya, tutiya, gawayi ko farin sinadarin titaniyam, don a zuba a man kare fata daga rana, fenti, bandejin rauni, tufafi, har da taki da maganin ƙwari.

Ƙanƙantar ita ce amfaninsa, ita ce kuma abin tsoro. Ɗauki dunƙulen azurfa mai santimita ɗaya ta kowane gefe: faɗin fuskokinsa shida murabba'in santimita 6 ne kacal. In aka niƙe shi zuwa gutsattsari masu nanomita 10, jimillar fuskokin za ta kai murabba'in mita 600, wato filin gida mai mita 20 a 30. Nauyin bai canja ba, amma wurin da azurfar ke taɓa ruwa ko naman jiki ya ninka sau miliyan. Zoben azurfa a yatsa ba ya cutar da kowa; niƙaƙƙiyar azurfa a cikin hanji wata magana ce daban.

Me ya sa ƙuda?

Tun 1910, lokacin da Thomas Hunt Morgan ya ga wani namijin ƙuda mai fararen idanu a ɗakin gwajinsa na Jami'ar Columbia a Amurka, wannan ƙwaro ya zama abin aikin masu nazarin gado. Morgan ya samu kyautar Nobel a 1933. A shekarar 2000 aka kammala karanta ƙwayoyin gadon ƙudan, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna da hannu a cututtukan ɗan Adam suna da takwara a jikinsa.

Ga kuma sauri. A zafin digiri 25, ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, tsutsa ta yi kamar kwana huɗu tana ci tana saɓa, sannan ta shige ƙwanso ta yi wasu kwana huɗu zuwa biyar, ta fito da fukafukai. Kwana goma ke nan. Cikin wata uku mai bincike zai ga jikoki da tattaɓa-kunne, abin da zai ɗauki shekaru in da ɓera yake aiki. Yadda ake gwajin ba wuya: a gauraya ɓarɓashin a cikin abincin tsutsa, a ajiye wani rukuni a kan abinci zalla, sannan a ƙirga nawa suka kai ƙwanso, nawa suka fito, kwana nawa suka ɗauka, ƙwai nawa matan suka saka. Akwai ma gwajin hawa: a bubbuga kwalba ƙudajen su faɗo ƙasa, a duba nawa za su haye bango cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Azurfa ce ta fi tayar da hankali

A 2011 masu bincike a Jami'ar Palacký da ke Olomouc, a Jamhuriyar Cek, sun ba da rahoton cewa da aka sa miligiram 20 na ɓarɓashin azurfa a kowace lita ta abinci, rabin ƙudajen sun kasa fita daga ƙwanso. Da aka rage zuwa miligiram 5 aka bi su zuriya bayan zuriya, haihuwa ta ragu a zuriya uku na farko, daga baya ta dawo daidai. Wannan dawowa ita ce abin da aka fi mantawa da shi in ana ba da labarin, kuma tana nuna cewa jiki yana iya sabawa da ɗan kaɗan.

Alamar da ido ke gani ita ce koɗewar launi. Ƙudan da ya ci azurfa yana tsutsa yakan fito fari fat, ba ƙarfin hawa. Bayanin da masana suka bayar shi ne azurfar tana shiga hurumin jan ƙarfe a jiki. Sinadarin da ke haɗa baƙin launin fata yana buƙatar jan ƙarfe kafin ya yi aiki, haka ma wani sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. In azurfa ta tare wurin, duka biyun sai su raunana. Daga nan sai wasu gurɓatattun nau'o'in iskar oksijin su taru, su riƙa cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Dayton a Amurka, shi ma a 2011, ya ƙarfafa wannan bayani: da aka haɗa wa tsutsotsin da bitamin C, wanda ke kashe kaifin irin wannan tsatsa, yawancin illar ta ragu. A gwajin nan kuma an ga girman ɓarɓashin da irin rufin da aka yi masa suna canja ƙarfin dafinsa, sannan titaniyam bai kai azurfa illa ba ko kusa.

Zinariya, wadda ake ɗauka ba ta haɗuwa da komai, ta ba da mamaki. Masu bincike a Italiya sun ruwaito a 2011 da 2012 cewa ɓarɓashinta ya rage tsawon rai da haihuwa, har aka samu 'ya'ya masu naƙasa a idanu da fukafukai, naƙasar kuma ta bi zuriya.

Na gawayi kuwa darasinsa daban. A Jami'ar Brown, a 2009, an ciyar da tsutsotsi nau'o'insa daban-daban, suka girma lafiya lau. Amma da aka sa manyan ƙudaje cikin busasshen garinsa, wasu nau'o'in suka manne musu a jiki, suka kasa kakkaɓewa, suka kasa motsi, suka mutu. Abu ɗaya ne, amma hanyar da ya bi ya shiga da matakin girman da ya tarar su suka yanke hukunci.

Ina ruwan mutumin Garwa?

Ƙuda ba mutum ba ne. Ba shi da huhu ko hanta irin tamu, kuma yawan ɓarɓashin da ake zuba masa a ɗakin gwaji sau da yawa ya zarce abin da mutum zai ci karo da shi a rayuwar yau da kullum. Duk wanda ya ce maka gwajin ƙuda ya tabbatar wani man shafawa yana hana haihuwa, ya yi azarɓaɓi. Aikin gwajin shi ne nuna inda ya kamata a tono.

Sai dai akwai wurare biyu da zancen ya iso ƙofar gida. Na farko abinci. Farin titaniyam da ake sa wa alewa da cingam, mai lamba E171, wani ɓangarensa ɓarɓashin nano ne. Faransa ta dakatar da shi a abinci daga 1 ga Janairun 2020, Tarayyar Turai kuma ta haramta shi a 2022, bayan hukumarta ta kula da lafiyar abinci ta ce ba za ta iya kawar da yiwuwar yana taɓa ƙwayoyin gado ba. Amurka har yanzu ta yarda da shi. Kayan da ke shigowa kasuwannin Garwa da Marwa da Yola daga ƙasashe da dama suke, don haka mai saye zai iya duba jikin leda ya nemi E171 ko dioxyde de titane.

Na biyu gona, kuma a ganina nan ne gwajin ƙuda ya fi faɗin gaskiya kai tsaye, domin ƙwaro ne ke ba da labarin ƙwari. Arewacin Kamaru yankin auduga ne, a Garwa hedikwatar kamfanin SODECOTON take, kuma feshi ba baƙon abu ba ne a wurin manomi. Kamfanonin duniya sun fara fito da kayan gona na nano. A 2021 ƙungiyar IFFCO ta Indiya ta fara sayar da takin yuriya na ruwa irin wannan. Abin da zai hana tsutsar ƙuda fita daga ƙwanso ya cancanci a tambayi me zai yi wa ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke barbarar furanni, da kuma abin da ruwan sama zai kwasa ya kai Binuwai.

Gwajin ba ya buƙatar dukiya mai yawa: kwalabe, garin masara, yis, suga da madubin ƙara girma. A Najeriya, Farfesa Amos Abolaji na Jami'ar Ibadan ya daɗe yana horar da matasan masu bincike kan amfani da wannan ƙuda wajen auna guba. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a Janairun 2022, tana da tsangayar likitanci, ga kuma cibiyar binciken noma ta IRAD a garin. Babban cikas shi ne zafi. Mazan wannan ƙuda suna daina haihuwa in zafi ya kai wajen digiri 30, Garwa kuwa a watannin Maris da Afrilu takan haura 40. Duk wanda zai yi wannan aiki a nan, sai ya fara tanadar akwatin da zai riƙe digiri 25 dare da rana, da wutar da ba za ta yanke masa a tsakiyar kwana goman ba.