Kwalarar Accra ta 2014 da Ƙofofin Ƙwayar Halitta

A watan Yuni na 2014 kwalara ta ɓulla a Accra, birnin da Hausawan zango ke kira Ankara. Kafin ta lafa a farkon 2015 ta kama fiye da mutum 28,000 a Gana, akasarinsu a yankin babban birnin. Unguwanni masu cunkoso irin su Old Fadama, da ke bakin kogin Odaw, da Nima da Maamobi, inda tsabtataccen ruwa ke wuya kuma gidaje da yawa ba su da makewayi, suna cikin wuraren da ta samu hanya. Ba baƙuwa ba ce, tun 1970 ta shigo ƙasar. Abin lura shi ne waɗanda suka rasu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, alhali kwalara mai tsanani, in ba magani, tana iya kashe rabin waɗanda ta kama.

Dalilin wannan rata yana cikin ƙwayar halitta. Yawancin ƙwayoyin jikin mutum suna da cibiya da ruwa mai kauri, tantani kuma ya kewaye su. Tantanin ninki biyu ne na maiƙo, da ƙofofin furotin a jikinsa. Iskar oksijin takan ratsa shi kai tsaye, gishiri da sukari kuwa sai ta ƙofa. Shi ruwa bin gishiri yake yi: ɓangaren da gishiri ya fi yawa, can yake kwarara.

Ƙwayar cutar kwalara ba ta ko shiga jini. A ƙaramin hanji take zama tana fitar da dafi, dafin ya wangale ƙofar sinadarin kuloraid, sodiyam ya bi shi waje, ruwa ya bi su. Babban mutum na iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya.

A 1960, a wani taro a birnin Prague, Robert Crane ya bayyana cewa hanji na da wata ƙofa da ba ta shigar da sukarin gulukos sai tare da sodiyam. Daga baya aka gane dafin kwalara bai lalata ta. Ke nan in aka sha gishiri da sukari tare, sodiyam zai koma ciki, ya janyo ruwa. An gwada haka a Dhaka a 1968. A 1971 kuma, da ruwan ƙarin jijiya ya ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, likita Dilip Mahalanabis ya sa 'yan uwan majinyata su riƙa shayar da su haɗin. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6.

Irin wannan haɗin ne aka shayar da majinyata a Accra, aka bar ƙarin ruwa ta jijiya ga waɗanda suka galabaita. Awonsa na gida sananne ne: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya zabga sukari don daɗin baki ya ɓata aikin, domin sukarin da ya yi yawa a hanji shi ma janyo ruwa yake yi daga jiki, gudawar ta ƙaru.