Ramukan Yashi na Ikoyi: Tarihin Zagayen Safari

Masu karatu, duk wanda ya ga wasan golf a talabijin zai ɗauka wasa ne na 'yan hutu, ga ciyawa kore shar, ga manyan mutane na tafiya sannu a hankali kamar ba su da wata damuwa a duniya. To amma a ƙarƙashin waɗannan manya akwai wasu ɗaruruwan 'yan wasa da ba a nuna su, masu yawo gari-gari da jakar sanduna suna neman abin da za su biya kuɗin jirgi da na masauki. Tarihin irin waɗannan nake son kawo muku yau, kuma ba sai mun je nesa ba, don wani babban ɓangare na labarin a Legas ya faru.

A shekarun 1970 da 1980, idan hunturu ya shiga Turai filayen wasa suka daskare, ƙananan 'yan wasan Ingila da maƙwabtanta sai su kwaso kayansu su nufo Afirka. Akwai jerin gasanni da ake kira Zagayen Safari, wanda ya haɗa Najeriya da Kenya da Zambiya da Kodebuwa, daga baya har da Zimbabuwe. Gasar Kenya an fara ta a 1967, ta Najeriya kuma a 1969, kuma filin kulob ɗin Ikoyi shi ne gidanta. Abin mamakin shi ne a wancan lokaci bakin ramukan Ikoyi ba ciyawa ba ne, yashi ne da ake cakuɗawa da mai a daddale shi, sai an share sawun ƙafa kafin mutum ya buga.

Ga yadda lissafin yake. Kwana huɗu ake yi ana wasa, rami 18 kowace rana, jimilla 72, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Bayan kwana biyu sai a tankaɗe, a sallami waɗanda suka yi baya, kuma wanda aka sallama ko sisi ba ya samu. Ba albashi, ba kulob ɗin da zai ɗauki nauyinka irin na ƙwallon ƙafa. Kai za ka sayi tikitinka, kai za ka sallami yaron da ke ɗaukar maka jaka. Shi ya sa da yawansu a gidajen 'yan kulob suke sauka don rage kashe kuɗi. Mutum zai iya gama zagayen gaba ɗaya ya koma gida da bashi a wuyansa.

Duk da haka, ta wannan ƙofa manya suka shiga. Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a Legas a 1978, shekarar da Seve Ballesteros ya ci ta Kenya. Ian Woosnam ya ci ta Zambiya a 1985 da ta Kenya a 1986. Dukkan su ukun daga baya sun ci gasar Masters ta Amurka.

Amma wanda labarinsa ya fi kama ni shi ne Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji da aka haifa a 1963. A 1985 aka zarge shi da gyara lissafin bugunsa a wata gasa a Indunusiya, aka dakatar da shi daga gasannin Asiya, shi kuwa ya musanta zargin. A wasan da kowa ke sa hannu a kan lissafinsa, wannan ba ƙaramin tabo ba ne. Sai ya ɓuya a tsibirin Borneo yana koyar da golf a wani ƙaramin kulob, kuɗi kaɗan, rana mai zafi, yana ta buga ƙwallo shi kaɗai daga safe har yamma. Da ya tara 'yan kuɗaɗe ya nufi Turai, abin bai yi ba nan take.

A 1988 ya sauka Legas, saurayi da bai wuce shekara 25 ba, ba wanda ya san da zamansa, ya kuma lashe gasar Najeriya a kan yashin nan na Ikoyi. A ƙarshen shekarar ya ci jarrabawar shiga babban zagayen Turai. Cikin ɗan lokaci kuwa sai abin ya zama kamar an buɗe famfo: ya ci gasar Volvo a Italiya, ya ci ta Zimbabuwe, ya ci ta Kodebuwa, ya sake cin ta Najeriya. Mutumin nan shi ne ya ci Masters a 2000, kuma a 2004 ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya, ya ci gasa 9 a shekarar, ya tara sama da dala miliyan 10.

To amma kada mai karatu ya ɗauka kowa haka ya ƙare. A 1981 wani Bature mai suna Peter Tupling ya gama ramuka 72 na Ikoyi da bugu 255 kacal, adadin da ya kafa tarihi a duniya a lokacin. Amma bai taɓa cin gasa ko ɗaya a babban zagayen Turai ba, yau ma sai masu tonon tarihi ne ke tuna sunansa. Fili ɗaya, yashi ɗaya, wani ya wuce, wani ya tsaya nan. Irin su Tupling su suka fi yawa.

A farkon shekarun 1990 aka haɗe gasannin Safari cikin ƙaramin zagayen Turai da ake kira Challenge, sunan Safari ya ɓace. Gasar Najeriya ta fita daga jerin bayan 'yan shekaru, ita kuwa ta Kenya ta daure har aka ɗaga ta zuwa babban zagayen Turai a 2019. Kenya ta riƙe abinta, mu kuwa namu ya suɓuce, har yaran yanzu ba su san cewa wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya a Legas ya fara farfaɗowa ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.