Wasan Kwaikwayo a Makarantun Sakandare: Hanyoyi Biyu

A ƙasar Hausa, makaranta ce ta haifi rubutaccen wasan kwaikwayo. A Nijeriya, Abubakar Tunau ya wallafa Wasan Marafa a 1949, kana Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu. Nan ɗalibai suka koyi yadda ake gina ɗan wasa da sunansa, da karin harshensa, da habaicinsa.

A Nijar kuwa, Faransanci aka bi. Ɗalibi ya san marowacin Moliyer, alhali kuwa na unguwarsu bai shiga littafi ba. Gwanintar ƙirƙirar ƴan wasa cikin Hausa sai ta bunƙasa a rediyon Damagaram, hannun su Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne. Amma akasarin wasanninsu da ka ake shirya su.

Gyara na hannun masu horar da malaman sakandare a Jami'ar Abdu Mumuni, daura da Lamorde. Muddin ba a rubuta wasannin nan ba, malami ba shi da abin ɗora wa ɗalibi.