K-MAX: Jirgin Dako Marar Matuƙi a Helmand

A yaƙin Afganistan, ɗaya daga cikin manyan wahalhalun da sojojin kundumbala na Amurka suka fuskanta a lardin Helmand ita ce ta kai ruwa da abinci da albarusai zuwa ƙananan sansanonin da ke warwatse cikin hamada, domin duk ayarin motocin da ya kama hanya yana iya taka nakiyar da mayaƙan Taliban suka binne a ƙasa, kuma irin wannan nakiya ce ta fi kowane makami hallaka sojojin ƙawance a wancan lokaci.

Wannan ya sa aka waiwayi K-MAX, jirgi mai saukar ungulu na kamfanin Kaman, wanda tun asali an fi amfani da shi wajen fitar da gungumen katako daga dazuzzukan da mota ba ta shiga. Farfelarsa biyu ce a sama, suna juyawa cikin juna ba tare da sun yi karo ba, don haka ba ya buƙatar farfelar wutsiya, kusan dukkan ƙarfin injinsa kuma yana tafiya ne ga ɗaga kaya, har yana iya ɗaukar kimanin kilo 2,700, wato fiye da nauyinsa idan babu komai a cikinsa. Kamfanin Lockheed Martin ne ya sanya masa na'urorin da yake bin hanyar da aka tsara masa a kwamfuta, yayin da jami'i yake lura da shi daga ƙasa.

Ranar 17 ga Disamba, 2011, jirgin ya tashi daga sansanin Dwyer da kaya rataye a ƙugiyar da ke ƙarƙashinsa, ya sauke su a sansanin Payne. Jirage biyu kacal aka tura, da niyyar gwaji na wata shida, amma suka ci gaba da aiki har 2014, galibi da dare saboda gudun harbin bindiga, suka yi jigilar kayan da suka haura tan 2,000. Ɗaya ya faɗi a watan Yunin 2013, babu wanda ya rasa ransa, wanda kuwa shi ne ainihin hujjar shirin.

Abin mamaki shi ne, duk da wannan nasara, rundunar ba ta sayi ayarin irin jiragen ba bayan an janye su, kuma a 2023 kamfanin Kaman ya sanar da daina ƙera K-MAX.