Mace A Kujerar Canterbury: Za Ta Iya Ɗinke Ɓarakar Cocin Angilika?

A ranar 3 ga Oktoba 2025 aka sanar da Sarah Mullally, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ta Ingila, a matsayin Akbishop na Canterbury na 106. Ita ce mace ta farko a wannan kujera. Wasu na ganin da zuwanta za a sasanta. Tarihi kuwa ya nuna rikicin ya riga ta.

Naɗa mata ba yau ya fara ba. A 1944 aka naɗa Florence Li Tim-Oi limamiya ƙarƙashin bishop na Hong Kong. Amurka ta samu bishop mace a 1989, Ingila ta naɗa limamai mata a 1994, bishop mace kuma a 2015. Duk da gardamar da aka yi, cocin bai dare gida biyu ba.

Abin da ya raba gari shi ne batun auren jinsi. Taron Lambeth na 1998 ya tsaya a kan cewa aure na namiji da mace ne. Amma a 2003 Amurkawa suka naɗa Gene Robinson bishop, alhali yana zaune da namiji. A 2005 Cocin Nijeriya ya cire sunan Canterbury daga kundin tsarinsa, sannan a 2008 Akbishop Peter Akinola ya jagoranci kafa ƙungiyar GAFCON a Birnin Ƙudus. Abin lura, a Canterbury ɗin nan aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864.

Cocin Nijeriya ba ya naɗa mata limamai, amma Kenya da Sudan ta Kudu, abokan tafiyarsa, suna da bishop mata. Ke nan ba kasancewarta mace ce babbar matsalar ba. Mullally ce ta jagoranci shirin da ya kai Ingila ga amincewa da yi wa ma'auratan jinsi addu'ar albarka a 2023. Makonni biyu bayan sanar da ita, GAFCON ta ce ta daina bin jagorancin Canterbury.

Inda take da dama shi ne cikin gida. Justin Welby ya sanar da saukarsa a 2024 saboda sakacin cocin kan cin zarafin yara, kuma dawo da amana aiki ne da za ta iya. Amma Akbishop ba Paparoma ba ne, ba shi da ikon tilasta wa cocin wata ƙasa. Ɓarakar aƙida sai ɓangarorin biyu sun yarda su zauna tukuna.