Malamin Tarihi da Darussan da ke Maƙwabtaka da Fanninsa a Makarantun Sakandare

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami malamin Tarihi a sakandaren Nijeriya wanda bai taɓa shiga aji da wani darasi ba bayan nasa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda hakan ta faru, sannan ta nuna cewa darasin Hausa, wanda ba a cika lissafawa cikin maƙwabtan Tarihi ba, yana da tsohuwar dangantaka da shi.

2.0 Zamanin Elementare da Midil

A farkon ilimin boko a Arewa, malami ɗaya kan riƙe darussa da dama, kuma Tarihi da Labarin Ƙasa tare suke tafiya. Abin lura shi ne da Hausa aka fara karantar da su. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta soma aikinta ne da samar da littattafan makaranta, cikinsu har da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, mai juzu'i biyu, wanda ya fito a 1932 da 1933 ƙarƙashin kulawar R. M. East. An fassaro abin da ke cikinsa daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar, har da tarihin sarakunan Kano. Saboda haka yaron da ke riƙe da littafin yana koyon tarihi, yana kuma koyon karatun Hausar boko a zama ɗaya.

Su kansu malaman wancan zamani haka suke. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauchi lokacin da aka buga Shaihu Umar a 1934, labarin da ya ginu kan harin bayi da fataucin hanyar Sahara. Shehu Shagari kuwa, yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su haddace labarin ƙasarsu da tarihinta.

3.0 Shigowar Ilimin Zamantakewa

Sauyin ya taso ne daga Kudu. A 1963 aka fara gwada darasin Ilimin Zamantakewa a makarantar Aiyetoro da ke Jihar Yamma ta wancan lokaci, da tallafin Amurka. Taron Mombasa na 1968 ya ƙarfafa wa ƙasashen Afirka gwiwa su rungume shi, taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya share masa fage, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba shi mazauni a firamare da ƙaramar sakandare. Darasin haɗin gambiza ne na tarihi da labarin ƙasa da tattalin arziki da zaman jama'a. Da yake ba a horar da isassun malamansa ba, sai aka ɗora wa malaman Tarihi da na Labarin Ƙasa. A babbar sakandare kuma darasin Gwamnati ya janye ɗalibai masu yawa, musamman masu son karatun lauya, kuma sau da yawa malamin Tarihin ne dai ke koyar da shi, tun da tsarin mulkin Richards na 1946 da na Macpherson na 1951 ba baƙinsa ba ne. Wato da hannunsa ya raini darasin da ya rage masa ɗalibai.

An kai ga cire Tarihi daga manhajar ilimin matakin farko tun daga zangon karatu na 2009/2010, ya rage na zaɓi a babbar sakandare. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta daɗe tana ƙorafi kafin a maido shi. A Nuwamba 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da horar da malamai 3,700, a 2025 kuma aka sanar da wajabta Tarihi daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, tare da haɗa shi da ilimin zama ɗan ƙasa a babbar sakandare.

4.0 Tarihi da Darasin Hausa

A duk wannan kai-komo ba a waiwayi harsunan gida ba, alhali Manufar 1977 ta nemi kowane ɗalibi ya koyi ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarbanci ban da harshensa, kuma ƙarancin malamai na cikin abin da ya hana hakan tabbata. Malamin Tarihi mai jin Hausa yana da abin bayarwa a nan. Waƙar Bagauda jerin sarakunan Kano ce. Waƙoƙin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Nana Asma'u ba sa fahimtuwa sosai ga wanda bai san jihadin 1804 ba. Kano ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu littattafan tarihi ne, kuma rubutun zube ne na Hausa. Haka nan sarautu irin su Galadima da Ciroma, da aka aro daga Barno, darasi ne na aron kalmomi kuma na dangantakar dauloli.

Sai dai akwai iyaka, kuma masana harshe ne ya kamata su shata ta. Sanin tarihin Gobir ba ya koya wa mutum karin sauti da tsawon wasali, balle ajin aikatau ko ƙa'idojin rubutu. Shugaban makarantar da ya miƙa wa malamin Tarihi nahawu don kawai Bahaushe ne, ya maimaita kuskuren da aka yi da Ilimin Zamantakewa, inda aka ɗauka kusanci ya isa ba sai da horo ba. Ɓangaren adabi da al'ada ne ya dace da shi, shi ma bayan ya sami horo kan nazarin waƙa da zube a kwalejin ilimi ko a sashen harsunan Nijeriya na jami'a.