Tarihin Maganin Cutar Zona a Ido

Cutar zona, wadda ake kira shingils a asibitocin Najeriya, ƙwayar ƙarambau ce ke haddasa ta. Bayan yaro ya warke, ƙwayar takan laɓe a cikin jijiya shekara da shekaru, sai tsufa ko wani ciwo ya raunana garkuwar jiki sannan ta farfaɗo. In ta bi jijiyar goshi, ƙuraje masu ruwa sukan feso a gefe ɗaya na fuska, su tsaya cak a tsakiyar goshi, fatar ido ta kumbura, ga zogi kamar na ƙuna.

A shekarun 1860 likitan Ingila Jonathan Hutchinson ya lura cewa in ƙurajen suka sauko kan hanci, to ido na cikin haɗari, domin reshen jijiya ɗaya ne ya haɗa su. Har yau da wannan alama ake aiki. Magani kuwa a wancan lokacin babu. Ko da mishan ɗin SIM ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, iyakar abin da likita ke iyawa shi ne rage zafi da kare gyambon daga ruɓewa.

Sauyi ya zo da maganin asikilobir, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion a Amurka a shekarun 1970. Sai dai yana da sharaɗi: ya fi amfani in an fara sha cikin kwana uku da fitowar ƙuraje. Wanda ya makara yana iya ƙarewa da tabo a baƙin ido, ko hawan ruwan ido, ko zogin da ke ɗaukar watanni.

A shekarun 1980 likitoci a Kigali da Kinshasa suka gano cewa zona a jikin matashi sau da yawa alamar ƙanjamau ce, shi ya sa gwajin jini ya shiga cikin aikin. Tazarar kwana ukun nan kuma ba kowa ke cim mata ba. Misali, a 2014, lokacin da rikici ya killace Musulmin unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, tsohon mazaunin Hausawa 'yan kasuwa, fita zuwa manyan asibitocin birnin ta zama kasada da rai.

An samu allurar rigakafi a 2006, sannan wata mai suna Shingrix a 2017, amma tsada ta hana rigakafin yaɗuwa a Afirka.